Yadda ake auna rana da girman duniya da sanda guda a tsakar gida

Akwai tambayoyin da yara suke yi wa manya, manya su rufe bakinsu da cewa haka Allah Ya yi, wanda gaskiya ne, sai dai bai hana a duba yadda Ya yi ɗin ba. Me ya sa mutanen Maiduguri suke shan ruwa da azumi alhali a Birnin Kebbi rana ba ta ko kusa faɗuwa ba? Me ya sa inuwar katanga take kwantawa arewa a lokacin sanyi, sannan ta koma kudu da damina? Wane ne ya zagaya duniya da igiya har aka ce kewayenta kilomita 40,000 ne? Duk waɗannan ana iya amsa su a tsakar gida a Argungu ko Gusau ko Yauri, da sanda guda da zare da alli, muddin mutum zai yi haƙurin zama da inuwa na yini ɗaya, sannan ya riƙa leƙa ta lokaci zuwa lokaci a cikin shekara.

Kafa sandar

Aikin gaba ɗaya ya rataya ne a kan abu biyu, wato daidaituwar ƙasa da miƙewar sanda, kuma duk wanda ya yi sakaci da su zai sami lissafin da ba shi da amfani komai kyawun abin da ya biyo baya. A nemi wuri mai daɓe ko siminti wanda rana take samu tun daga hantsi har la'asar, irin filin da ake shanya shinkafa ko dandamalin makaranta. Domin a gane ko wurin ya daidaita, a aza faffaɗan faranti a zuba ruwa a ciki: idan ruwan ya taru a gefe guda, wurin yana da gangare, sai a sake wani.

Guntun rodi irin na magina ya fi icce, domin ba ya lanƙwasa da zafi, kuma iska ba ta kaɗa shi. A sa shi ya tsaya ta yadda abin da ya fito sama da ƙasa zai zama mita 1 daidai, wato santimita 100, saboda hakan yana sauƙaƙa duk lissafin da zai zo. Inda siminti ne da ba a son fasawa, ana iya dasa rodin a cikin gwangwanin madara da aka cika da kwaɓaɓɓen siminti, amma a tuna cewa tsawon ana auna shi ne daga ƙasan da inuwa take faɗawa. Sai a ɗaura ɗan dutse ko ƙaramin kwaɗo a bakin zare a sake shi ya yi lilo kusa da rodin har ya tsaya, a duba ta gabas a kuma duba ta arewa, a gyara har rodin da zaren su yi tafiya ɗaya ta kowace fuska. Idon mutum kaɗai ba ya isa a nan, domin karkatar da ba ta kai faɗin yatsa ba a saman rodin tana iya ɓata awon duniya da dubban kilomita.

Za a lura cewa bakin inuwar ba ya fita tsaf, kullum yana da dishi-dishi na kusan santimita 1. Dalili shi ne rana ba ɗigo ba ce, tana da faɗi a sama na kusan rabin digiri, don haka haske daga gefenta ɗaya yana shiga inda ɗaya gefen ya bari. Maganinsa shi ne a huda murfin kwalba ko ɗan falankin gwangwani da ƙusa, a manna shi a kwance a saman rodin ta yadda hudar za ta ɗan fita gefe, sai a riƙa bin tsakiyar ɗigon hasken da ya faɗo ƙasa. Wanda ya yi haka sai ya saki zare mai dutse daga hudar zuwa ƙasa, ya yi alama a inda ya sauka, domin daga nan ne zai riƙa awo. Kada kuma a kuskura a ɗaga kai a kalli rana ido da ido, ko da ta cikin baƙin gilashi ne. Duk abin da ake nema yana ƙasa.

Gano arewa ta gaskiya da lokacin zawali

Da safe a ɗaura zare a gindin rodin, a ɗaura alli ko gawayi a ɗaya bakin, a zana da'ira mai nisan mita 1 daga gindin. Ya fi kyau a ƙara wasu biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje, domin idan gajimare ya rufe rana a daidai lokacin da ake bukatarta a ɗaya, a same ta a wata. Da sassafe inuwar doguwa ce, ta miƙa yamma ta wuce da'irar. Tana ta gajarcewa har wajen ƙarfe 9:30 zuwa 11, gwargwadon watan da ake ciki, bakinta zai taɓa layin da'irar, sai a yi alama a wurin nan take. Daga nan a tafi harkokin gaba. Bayan azahar inuwar za ta juya gabas tana ƙara tsawo, kuma a daidai lokacin da bakinta ya sake taɓa wannan da'irar sai a yi alama ta biyu.

Layin da ya haɗa alamomin nan biyu shi ne gabas da yamma na gaskiya. A auna tsakiyarsa da tef, a ja layi daga wannan tsakiyar ya ratsa gindin rodin ya wuce ta ɗaya ɓangaren: wannan shi ne arewa da kudu. A bi layukan da fenti ko a karce su da ƙusa, domin za a daɗe ana amfani da su. Wannan hanya ta fi kamfas ɗin waya aminci, domin shi ƙarfen rufin kwano da rodin da ke cikin gini suna ruɗa shi, har mutum ya ga allurar tana nuna wuri dabam a ɗaki da tsakar gida. Mai son tabbatarwa yana iya fitowa da dare idan sama ta yi garau, ya tsaya a kan layin ya dubi arewa, zai ga tauraron arewa a ƙasa-ƙasa, kimanin digiri 12 sama da inda ƙasa ta haɗu da sama, ko da yake ƙurar hunturu takan ɓoye shi.

Da wannan layi an sami agogon zawali. Duk lokacin da inuwar rodin ta kwanta a kan layin arewa da kudu, rana ta kai ƙololuwarta, kuma da zarar ta gota gabas lokacin azahar ya shiga. Wanda ya dubi agogonsa a wannan lokaci a Birnin Kebbi zai yi mamakin ganin ba ƙarfe 12 ba ne, abin yana kamawa ne wajen 12:43. Dalili shi ne agogon Nijeriya gaba ɗaya an ɗora shi a kan layin digiri 15 gabas da birnin Landan, layin da yake can gabas da Maiduguri, alhali Birnin Kebbi tana kan digiri 4.2. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 1 a kowane minti 4, saboda haka tazarar kusan digiri 11 ta zama jinkirin minti 43. Gusau, da take kan kimanin digiri 6.7, tana riga Birnin Kebbi da minti 10, ita kuwa Maiduguri, da take wajen digiri 13, tana riga ta da fiye da rabin awa. Amsar tambayar shan ruwa ke nan, kuma shi ya sa jadawalin salla da aka buga domin Kano ba ya yi wa mutumin Kamba ko Bunza aiki.

Shi kansa 12:43 ɗin ba ya zama wuri ɗaya. A tsakiyar Fabrairu zawali yana jinkirta har kusan 12:57, a farkon Nuwamba kuma yana zuwa da wuri, wajen 12:27. Wannan kai da komo na rabin awa yana faruwa ne saboda hanyar da duniya take bi ta kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, tana ƙara sauri idan ta matso kusa ta kuma rage idan ta yi nisa, sannan ga karkatar da take da ita ta digiri 23.4. Wanda ya rubuta lokacin zawali sau ɗaya a kowane mako zai ga wannan da idonsa kafin shekara ta zagayo.

Ranar da inuwa take ɓacewa

Yanzu sai a fara auna tsawon inuwar a daidai zawali, a riƙa rubutawa a littafi tare da kwanan wata da kuma ɓangaren da ta faɗa. A Birnin Kebbi, wajen 21 ga Disamba, rodin mita 1 zai ba da inuwa mai kusan santimita 72 tana fuskantar arewa, kuma ita ce mafi tsawo a shekara. Daga nan tana raguwa mako bayan mako, ta kai santimita 22 wajen 21 ga Maris, har a zo kusan 23 ga Afrilu, ranar da rana take tsayawa daidai bisa kai. A wannan rana, na 'yan mintoci, rodin ba shi da inuwa sam, kwalbar da aka aje a tsaye inuwarta tana ƙarƙashinta, rijiya mai zurfi kuma haske yana sauka har kan ruwanta. Yana da kyau a tara yara su gani, domin abu ne da mutumin Alƙahira ko Landan ba zai taɓa gani a garinsu ba: rana ba ta hawa bisa kai sai a ƙasashen da ke tsakanin digiri 23.4 arewa da digiri 23.4 kudu.

Bayan wannan rana inuwar zawali tana ɓullowa ta kudu, ta yi ta ƙaruwa har ta kai kimanin santimita 19 wajen 21 ga Yuni, sannan ta fara dawowa, ta sake ɓacewa kusan 20 ga Agusta, ko da yake a lokacin hadari yakan hana a gani. A Gusau ranakun suna gotawa da kamar kwana ɗaya, a Yauri kuwa, da take kudu sosai, abin yana zuwa wajen 18 ga Afrilu da 25 ga Agusta. Manomi da magini duk suna da abin ɗauka a nan, domin watanni huɗu ne kawai a shekara rana take dukan bangon arewa da tsakar rana, sauran watanni takwas bangon kudu ne yake shan ta, kuma can ne rumfa ko bishiya ta fi amfani.

Littafin nan yana kuma gyara wani kuskure da ya yaɗu, wato zaton cewa zafin bazara yana zuwa ne saboda duniya ta matsa kusa da rana. A gaskiya duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, a nisan kimanin kilomita miliyan 147, daidai lokacin da muke rawar sanyi muna jin wuta, kuma ta fi nisa a farkon Yuli, kilomita miliyan 152. Abin da yake kawo zafin Afrilu shi ne hasken yana sauka a tsaye a kan busasshiyar ƙasa, babu gajimare babu danshi da za su rage shi, alhali a Disamba yana zuwa a karkace ya bazu a fili mai faɗi, ga kuma iskar hunturu daga Sahara.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan inuwa ta zawali, domin a kanta suka gina lokacin la'asar: a mazhabar Malikiyya, la'asar tana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara inuwar da yake da ita a zawali. Ke nan a ƙarshen Disamba ana jiran inuwar rodin ta kai santimita 172, a ƙarshen Afrilu kuwa santimita 100 ta wadatar. Dattawa suna yin wannan awon da ƙafa, suna ɗaukar tsawon mutum a matsayin tafin ƙafarsa bakwai, kuma wanda ya gwada hanyarsu tare da rodinsa zai ga ba su yi nisa da juna ba.

Alƙibla

Mutane da yawa suna ɗauka cewa fuskantar mafitar rana shi ne fuskantar Ka'aba, alhali mafitar rana ita kanta tana yawo, tana karkata arewa da damina ta koma kudu da sanyi. Makka tana kan digiri 21.4 arewa, wato ta fi mu arewa, don haka daga Birnin Kebbi alƙibla tana karkata daga gabas ta gaskiya zuwa arewa da kimanin digiri 20. Da layukan da aka riga aka zana, fitar da ita ba wuya: daga gindin rodin a auna santimita 100 zuwa gabas tsantsa, daga nan a auna santimita 36 zuwa arewa, a yi alama. Layin da ya tashi daga gindin rodin zuwa alamar shi ne alƙibla. A Gusau a sa 38 a madadin 36.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, wadda ba ta bukatar lissafi ko kaɗan. Kamar yadda rana take tsayawa bisa kanmu sau biyu a shekara, haka take tsayawa bisa Ka'aba sau biyu: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa 2, saboda haka a wurinmu 10:18 ne da 10:27 na safe. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba, kuma inuwar kowane abu da yake tsaye tana nuna kishiyar alƙibla daidai. A saita agogon waya, a tsaya kusa da rodin, a ja layi a kan inuwar, wadda tsawonta zai kai kusan santimita 70. Daga bakin inuwar zuwa gindin rodin, nan ne ake fuskanta. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta ba sa kawo bambancin da za a damu da shi, kuma a yankinmu Mayu ta fi Yuli samun sarari. A ganina wanda ya sami ɗan bambanci tsakanin layinsa da mihirabin masallacin unguwa ya kai maganar ga liman a keɓe cikin ladabi, domin malamai suna da bayani a kan sassaucin da ake yi wa wanda yake nesa da Makka, kuma ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne.

Awon duniya

Wannan shi ne babban aikin, kuma yana bukatar abokin aiki a wani gari mai nisa ta kudu ko ta arewa. Wanda aka sani da fara yin sa shi ne Eratostenis, mutumin Sirina da ke cikin Libiya ta yau, wanda ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariyya, wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya sami labarin cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, a kudancin Masar, akwai ranar da rana take tsayawa bisa kai, alhali a wannan rana a Iskandariyya sanda tana da inuwa mai karkatar kashi 1 cikin 50 na da'ira, wato digiri 7.2. Sai ya ce, ashe tazarar garuruwan biyu kashi 1 cikin 50 ce ta kewayen duniya, ya ninka tazarar sau 50. Bayan fiye da shekara dubu, wajen 830 Miladiyya, Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana taurari filin Sinjar su auna tsawon digiri guda a ƙasa, daga baya kuma Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya fito da wata hanya ta auna girman duniya daga kan dutse a Nandana da ke Pakistan ta yau.

Hikimar abin tana da sauƙin fahimta idan aka tuna da lemon zaƙi da aka ɓare: kowane ɓari yana da kusurwarsa a tsakiya da kuma faɗinsa a baya, kuma wanda ya san kusurwar ɓari ɗaya da faɗin bayansa ya san kewayen lemon duka. Rodi biyu da aka kafa a tsaye a garuruwa biyu, kowanne yana nuni ne zuwa tsakiyar duniya, don haka ba sa tafiya ɗaya, sun ɗan buɗe wa juna. Hasken rana kuwa, saboda tsananin nisanta, yana iso musu a jere ta fuska guda. Bambancin karkatar inuwarsu shi ne kusurwar ɓarin duniya da ke tsakaninsu.

Ga mutumin Kebbi, Argungu da Ilori sun dace ƙwarai, domin kusan a kan layi ɗaya suke daga arewa zuwa kudu, kuma tazararsu a miƙe kimanin kilomita 470 ce. A nemi ɗalibi ko malami ko ɗan kasuwa a can ya kafa rodinsa na mita 1 kamar yadda aka bayyana, ya fitar da layinsa na arewa da kudu, sannan a sa rana guda kowa ya auna inuwarsa a zawalin garinsa. Kowace rana tana yi, amma a ɗauki 21 ga Maris a matsayin misali. Na Argungu zai sami kusan santimita 22.6, na Ilori kusan 15. Domin mayar da su digiri, a raba tsawon inuwa da tsawon rodi, wato 0.226 da 0.15, a juya wayar a kwance domin cikakkiyar kalkuleta ta fito, a tabbata tana kan digiri, a danna tan⁻¹. Za a sami digiri 12.7 da digiri 8.5. Wanda ba shi da irin wannan waya yana iya zana rodin da inuwar a takarda da ƙaramin ma'auni, santimita 10 a tsaye da 2.26 a kwance, ya haɗa bakinsu da layi, ya auna kusurwar sama da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafin 'yan makaranta.

Bambancin shi ne digiri 4.2. A raba 360 da 4.2, a sami kusan 85.7, ma'ana tafiyar Argungu zuwa Ilori sau 85.7 ita ce zagayen duniya. A ninka da 470, sai ga kimanin kilomita 40,300. Awon da masana suka tabbatar shi ne kilomita 40,008 idan an bi ta ƙuryar arewa da ta kudu, da 40,075 idan an bi ta ƙugunta. A ranakun 21 ga Maris da 23 ga Satumba akwai ƙarin riba, domin rana tana bisa layin ikwaita da ya raba duniya biyu, saboda haka kusurwar da kowa ya samu ita ce nisan garinsa daga wannan layi.

Kada wanda ya gwada ya sa ran dacewa irin ta misalin nan tun karon farko. Kuskuren santimita 1 a inuwa ya fi rabin digiri, kuma rabin digiri a cikin 4.2 yana kai wa kilomita 5,000 a sakamako, don haka duk wanda ya sami wani abu tsakanin 35,000 da 45,000 ya yi aiki mai kyau. Ana rage kuskuren ta hanyar amfani da rodi mai mita 2, ko maimaita awon kwana uku a jere a ɗauki matsakaici, ko neman abokin aiki mafi nisa kamar na Legas, in dai za a yi amfani da tazarar arewa zuwa kudu kaɗai. Nisan hanyar mota ba ya aiki, saboda ta yi kwana-kwana da yawa. A auna a miƙe a taswirar makaranta ko a Google Maps. Sannan a kula da tsakiyar Afrilu, lokacin da rana take tsakanin garuruwan biyu, inuwar Argungu tana arewa ta Ilori tana kudu: a irin wannan rana tara kusurwoyin ake yi a madadin ɗebewa.

Faɗin rana

Mai kaifin hankali zai iya cewa, ai ko da ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, idan rana ƙarama ce kuma tana kusa, inuwar garuruwa biyu za ta bambanta. Tambaya ce mai kyau, kuma akwai gwajin da yake taɓa ta. A huda kwali da allura ko siririyar ƙusa, a riƙe shi sama, a bar hasken da ya ratsa hudar ya faɗa a kan farar takarda da aka riƙe tana fuskantar rana a nisan mita 2. Abin da zai fito da'ira ce mai faɗin kusan santimita 1.9, kuma hoton rana ne kanta. A maimaita da hantsi, da tsakar rana, da la'asar sakaliya, za a ga faɗin bai canza ba. Da rana tana kusa, 'yan dubban kilomita sama da mu, da ta yi girma da tsakar rana ta ƙanƙance sosai da yamma yayin da take nisa, kamar kowane abu da yake tafiya ya bar mu.

Daga wannan da'ira ake fitar da faɗin rana. Nisan takarda ya ninka faɗin hoton kusan sau 108, haka kuma nisan rana ya ninka faɗinta. A raba matsakaicin nisan rana, wato kilomita miliyan 150, da 108, a sami kusan kilomita miliyan 1.4, wato faɗin duniya sau 109. Irin wannan hoton ne yake zuba a ƙarƙashin dogon yaro da tsakar rana, inda ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ganye suke aikin hudar kwali, shi ya sa ɗigon hasken suke fitowa a kewaye ko da ƙofofin ba kewayayyu ba ne. Idan aka yi husufin rana, kamar na ranar 29 ga Maris 2006 wanda duhunsa ya ratsa ta Gusau da hantsi, waɗannan ɗigogin suna komawa siffar jinjirin wata yayin da wata yake cin rana, kuma kallonsu a ƙasa ko a takarda ita ce hanyar bin husufin ba tare da an cutar da ido ba.